Kafin ka kunna dedup a saba, duba wane faifai da wane tsarin fayil kake kai

Jama'a kudin faifai ya yi tsada, duk wanda ke riƙe da saba (server, babbar kwamfutar da ke ajiye kayan kowa) a ofis ko makaranta ko asibiti ya san haka, ka rubuta takarda a sayo ƙarin faifai sai a ce maka a jira kasafin baɗi, alhali foldar da kowa ke zuba kaya ta koma ja. Shi ya sa mutane ke ta tambayar dedup, wato tsarin da ke gano maimaicin data ya ajiye guda ɗaya tak, sauran duk su riƙa nuni zuwa gare shi. Abin yana aiki ƙwarai, amma fa ba kowane faifai ne ke karɓarsa ba, kuma ba kowane tsarin fayil ba, kuma mafi yawan wahalar da ake sha daga nan take farawa, mutum ya yi instolin komai ya gama sannan ya tarar bolum ɗin nasa (yankin faifai irin D: ko E:) ma ba ya cikin waɗanda ake yi wa. To bari mu bi abin daki-daki, Windows tukuna tunda ita ce a yawancin ofisoshinmu, sannan Linux.

Abu na farko, tun kafin ka taɓa komai, ka san me kake da shi. A Windows Server buɗe PowerShell ka buga

Get-Volume

zai jero maka duk bolum ɗin da ke kan injin, da harafinsu, da tsarin fayil ɗinsu, NTFS ne ko ReFS ko FAT32 ko exFAT, da kuma ko Fixed ne ko Removable. A Linux kuma

df -T

ko lsblk -f, za ka ga ext4 ko xfs ko btrfs ko zfs. Wannan layin guda ɗaya shi ne zai gaya maka wace hanya za ka bi, ko kuma ma babu hanya sai ka kwashe kaya ka yi fomatin.

Windows Server

Microsoft ta shigo da dedup ne a Windows Server 2012, kuma a lokacin NTFS kaɗai yake yi. Haka aka tafi a 2012 R2 da 2016. ReFS bai samu shiga ba sai a Windows Server 2019, saboda haka in kana kan 2016 kuma wani ya yi maka fomatin ɗin bolum da ReFS don ya ji ana cewa shi ne sabo, to dedup ba zai kunnu a kai ba, kuma babu wata dabarar juya ReFS ya koma NTFS ko NTFS ya koma ReFS da kaya a ciki, sai dai ka kwashe, ka yi fomatin, ka dawo da su. FAT32 da exFAT kam ba a ma maganarsu. FAT32 yana da sauƙi don akwai convert E: /fs:ntfs da ke juya shi ba tare da ya goge kaya ba (duk da haka yi bakof tukuna), exFAT kuwa ba ya juyuwa ta wannan hanyar.

Sai wanda ya fi kama mutane: C:. Ba a yin dedup a bolum ɗin da Windows ke zaune a kai, ko wanda take tashi daga shi. Kuma gaskiya sabobi da yawa a wajenmu haka aka haɗa su, faifai ɗaya, patishan ɗaya, Windows da foldar ma'aikata da bakof duk a C:, in naka haka yake to aikin farko shi ne ka ware bolum na data daban, ko ka rage C: ta Disk Management ka yanko D:, ko ka sa wani faifan, ka mayar da foldojin can ka sake yin sharin ɗinsu. Ko ba don dedup ba ma wannan ya kamata a yi tun farko.

Faifan da ake cirewa, filash da makamantansu, ba a yi musu. Dirayib ɗin netwok da ka yi mapin, irin Z: ɗin nan da ke nuni zuwa wata NAS (akwatin ajiyar fayil da ke kan netwok) ko wata saba, shi ma ba a yi, domin ba injinka ne ke riƙe da faifan ba, in za a yi dedup sai dai a can inda faifan yake. Amma a kula da wannan bambancin don yana rikita mutane: in NAS ɗin ko SAN (babbar ma'ajiyar faifai ta netwok) ta ba ka fili ta iSCSI ko Fibre Channel, Windows ta gan shi kamar faifan da aka soka mata, kai ka yi masa fomatin da NTFS da hannunka, to wannan yana karɓa lafiya lau. Haka in sabar taka VM ce (kwamfutar softwaya da ke gudana a cikin wata kwamfuta) a cikin Hyper-V ko VMware, D: ɗin da ke cikinta yana karɓa. MBR ko GPT duk ɗaya ne a wajensa. RAID na hadwaya ko Storage Spaces a ƙasa ba matsala. Cluster Shared Volume, wato bolum ɗin da sabobi da yawa ke rabawa, ma ana yi, tun 2012 R2 aka fara buɗe shi don VDI (kwamfutocin ma'aikata da ke gudana a saba a matsayin VM).

Girma: daga 2016 ana tallafa wa bolum har 64 TB, fayil guda kuma har 1 TB. A 2012 R2 shawarar da ake bayarwa ita ce kada bolum ya wuce wajen 10 TB, domin aikin a lokacin da zare ɗaya yake tafiya, ba ya iya cim ma canje-canjen babban bolum. A 2019 an ce zai yi aiki a kan 4 TB na farko na kowane fayil. Yawancinmu ba mu kai can ba, na faɗa ne kawai don masu manyan fayilolin bakof.

Ko bolum ya cancanta, akwai fayilolin da zai tsallake. Duk fayil da bai kai 32 KB ba ba ya kula shi. Wanda aka kulle da EFS ba ya taɓawa. BitLocker kuwa ba ruwansa, yana tafiya da shi, tunda BitLocker a ƙasa yake, bolum ɗin gaba ɗaya yake kullewa, dedup kuma yana ganin data a buɗe daga sama.

Yanzu yadda ake yi. Instolin tukuna:

Install-WindowsFeature -Name FS-Data-Deduplication

Kada ka yi saurin kunnawa. Instolin ɗin nan yana ajiye wani ɗan furogiram a C:\Windows\System32 mai suna DDPEval.exe, aikinsa ya leƙa folda ya gaya maka nawa za ka samu in ka kunna, ba ya canza komai:

DDPEval.exe E:\Shared

ka bar shi ya gama, yana iya ɗaukar lokaci in kayan da yawa, a ƙarshe zai ba ka kaso cikin ɗari. Alƙaluman da Microsoft kanta ke bayarwa: takardun ma'aikata 30 zuwa 50 cikin ɗari, foldar da aka haɗa komai da komai 50 zuwa 60, wurin ajiye softwaya da fayilolin instolin 70 zuwa 80, fayilolin VM kuma 80 zuwa 95. Amma naka kayan ne zai faɗi gaskiya, ba teburin Microsoft ba. In sabar cike take da bidiyon kamarar tsaro ko hotunan taro ko zip, za ka ga abin da ya fito ba ya da yawa, sai dai in mutane sun yi ta kwafin abu ɗaya a foldoji daban-daban, wanda kuma suna yi wallahi, bidiyon taro ɗaya sai ka same shi a foldar kowane sashe. Ni a ganina in lissafin bai kai kashi 20 ba ka haƙura kawai, wahalar ta fi ribar.

In ya yi kyau sai ka kunna:

Enable-DedupVolume -Volume E: -UsageType Default

Nau'i uku ne. Default na sabar fayil ta yau da kullum, HyperV na VDI inda kwamfutoci da yawa ke tashi daga hoton Windows kusan iri ɗaya, Backup kuma na manhajar bakof da ke gudana a VM irin DPM. Zaɓi wanda ya dace da aikin, don kowanne da saitinsa a ƙasa.

Daga nan mutum zai koma ya duba fili ya ga ba abin da ya canza ya ce abin ƙarya ne. Ba ƙarya ba ne, na Windows ba ya yi a lokacin da ake rubuta fayil, sai daga baya yake bi, kuma a Default sai fayil ya kwana 3 kafin ya taɓa shi. In kana so ka ga aiki yau:

Set-DedupVolume -Volume E: -MinimumFileAgeDays 0
Start-DedupJob -Volume E: -Type Optimization
Get-DedupStatus

Abin da yake yi shi ne ya yayyanka kowane fayil gutsi-gutsi tsakanin 32 zuwa 128 KB, ya ajiye kowane gutsi sau ɗaya a cikin System Volume Information, ya matse shi, sannan ya bar ɗan manuni a inda fayil ɗin yake. In ka danna dama a kan fayil ka shiga Properties za ka ga Size yana nan yadda yake, a ce 700 MB, Size on disk kuma sifili ko wani ɗan ƙanƙanin abu. Kada gabanka ya faɗi, fayil ɗin yana nan. Amma kada ka kuskura ka shiga System Volume Information da sunan share datti, duk datar tana can.

Akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye. In an goge fayil, fili ba ya dawowa nan take, sai aikin shara ya gudana, wato GarbageCollection, kuma jadawalin da ya zo da shi Asabar ne ƙarfe 2:35 na dare, aikin duba lafiyar gutsattsarin kuma, Scrubbing, 3:35 na daren. To wace saba ce a kunne a ofis ɗinmu ƙarfe biyun daren Asabar? NEPA ta ɗauke, janareta an kashe tun yammacin Juma'a, inbata ta mutu. Sai a yi wata da watanni shara ba ta gudana ba, ana ta goge kaya fili bai ƙaru ba, ana zagin dedup. Mayar da shi lokacin da ka san akwai wuta:

New-DedupSchedule -Name "SharanLaraba" -Type GarbageCollection -Days Wednesday -Start 14:00 -DurationHours 3

ka yi wa Scrubbing ma irin haka a wata ranar. Get-DedupSchedule zai nuna maka abin da ke akwai. RAM kuma, mafi ƙaranci 300 MB da ƙarin 50 MB a kan kowane TB na data, wanda ya fi kyau 1 GB a kan kowane TB, kaga ba wani nauyi ba ne.

Sai gargaɗin da na fi so a riƙe. Bolum ɗin da aka yi wa dedup, Windows Server mai wannan fasalin kaɗai ke iya karanta shi daidai. Ranar da madabod ɗin saba ya ƙone, ka ciro faifan ka soka a laftof mai Windows 10 ko 11 don ka ceto kayan oga, za ka ga foldoji, za ka ga sunayen fayiloli da girmansu, ka danna su ƙi buɗuwa, sai ƙananan nan da bai taɓa ba da sababbin da bai kai gare su ba. Maganin shi ne ka sa Windows Server a wani injin ko a VM, irin version ɗin da ke kan sabar da ta ƙone ko wanda ya fi shi sabunta, ka yi instolin fasalin, sannan ka haɗa faifan. Rubuta wannan a takarda ka manna a jikin sabar, domin ba lallai kai ne kake wajen ba ranar.

Kuma kashe shi da Disable-DedupVolume ba ya mayar da fayiloli yadda suke, tsayar da sabon aiki kawai yake yi. Mai mayarwa shi ne Start-DedupJob -Volume E: -Type Unoptimization, shi kuma yana buƙatar fili da zai ɗauki kayan a cikakken girmansu, in ka tara 6 TB a faifan 4 TB to ba inda za su koma. Ƙananan abubuwa: Windows Search ba ya shiga fayilolin da aka yi wa dedup, Microsoft ba ta ba da shawarar Robocopy a kan irin wannan bolum ba musamman in za a haɗa da tushen bolum ɗin, kuma kada ka sa kwota mai tsauri a tushen bolum. Databes mai rai irin SQL Server da Exchange, ni dai ba na sa su, fayil ne da ke canzawa kowane daƙiƙa, a ware musu bolum nasu ko a cire foldarsu da -ExcludeFolder. Windows Server 2025 ta zo da wani dedup ɗin daban wanda aka gina a cikin ReFS kansa, da nasa komand ɗin irin Enable-ReFSDedup, kada ka haɗa shi da wanda muka yi bayani, abu biyu ne.

Linux da 'yan uwanta

Nan labarin ya rabu gida-gida, don kowane tsarin fayil da halinsa.

ext4, wanda shi ne Ubuntu da Debian ke sakawa in ba ka zaɓi wani ba, ba ya da dedup kwata-kwata. Abin da ake iya yi a kansa kai tsaye shi ne irin su jdupes da rdfind, su nemo fayilolin da suke iri ɗaya sak su haɗa su da hadlink. Yana rage fili, amma ka sani bayan haɗawar fayil ɗaya ne mai suna biyu, in wani ya gyara nasa na ɗayan ma ya canza, saboda haka wannan na kayan ajiya ne da ba a taɓawa, ba na foldar da mutane ke aiki a ciki ba.

ZFS shi ne wanda sunansa ya fi fita a wannan harka, Sun Microsystems ta sa masa dedup tun 2009, kuma shi ne a ƙarƙashin TrueNAS, Proxmox ma na ba da shi, QuTS hero na QNAP ma shi ne. Kunna shi layi ɗaya ne:

zfs set dedup=on tank/vms

kuma saukin nan shi ne tarkon. ZFS yana yin nasa ne a lokacin rubutu, kowane bulok da zai shiga sai an duba tebur an ga ko akwai irinsa, teburin nan kuma in bai zauna a RAM ba sai an je faifai a karanto shi a kowane rubutu, saba ta koma tafiyar hawainiya. Kowane bulok yana cin wajen bayit 320 a teburin. Yi lissafin da kanka: 1 TB da bulok na 128K bulok miliyan 8 ne da 'yan kai, wajen 2.5 GB kenan. In kuma faifan VM ne masu bulok 16K, ninka sau takwas, wajen 20 GB a kan TB ɗaya. Shi ya sa ake yawan cewa a tanadi 5 GB na RAM a kan kowane TB, wannan ma tsaka-tsaki ne. Mai saba da RAM 16 GB da faifai 20 TB, don Allah kada ka kunna.

Gwada tukuna, shi ma yana da abin gwaji:

zdb -S tank

zai ɗau lokaci yana cin RAM, a layin ƙarshe za ka ga dedup = wani adadi. In ka ga 1.1 ko 1.3 rufe maganar. Sai ya kai 2 ko sama ake fara tunani. Sannan ka riƙe abu uku: sabon rubutu kaɗai yake shafa, tsohon kaya na nan yadda yake sai an sake rubuta shi; in ka mayar dedup=off teburin ba ya tafiya, yana nan har sai an goge ko an sake rubuta duk bulok ɗin da suka shiga ta cikinsa; kuma ko da yake a kan dataset (sashe ɗaya, irin tank/vms) ake kunnawa, teburin na pool ɗin ne gaba ɗaya (duk tarin faifan, wato tank), in ya yi nauyi kowa zai ji a jikinsa. Goge babban dataset ko sinafshot mai dedup a injin da ba RAM yana iya riƙe saba awanni, in wuta ta ɗauke a tsakiya kuma, ta dawo ta ci gaba daga wajen shigo da pool ɗin kana zaune kana kallon allo.

OpenZFS 2.3 da ya fito a Janairun 2025 ya kawo abin da suka kira fast dedup, an rage nauyin sosai, ana iya sa wa teburin iyaka, ana iya share shigarwar da ba ta da abokin maimaici, kuma tun kafin nan ana iya ware SSD musamman don teburin (a yi shi mirror, in ya mutu pool ya tafi). Duk da haka ga yawancin mutane abin da suke nema a ZFS shi ne

zfs set compression=lz4 tank

wanda kusan kyauta ne, sai kuma clone in VM iri ɗaya ake so a yi da yawa.

Btrfs da XFS hanyarsu ɗaya, kuma ita ce ta fi kwanciyar hankali a ganina. Su ba sa yi da kansu, amma suna da reflink, wato fayil biyu su raba bulok ɗaya, ranar da aka gyara ɗaya sai a kwafe wajen da aka gyara kaɗai, ɗayan bai san an yi ba. Sai ka kawo manhaja daga waje ta nemo maimaicin ta miƙa wa kanel, kanel ya gwada bayit da bayit ya tabbatar iri ɗaya ne kafin ya haɗa. Wadda aka fi sani duperemove:

duperemove -dhr --hashfile=/var/tmp/dup.hash /srv/data

in ka cire d ɗin nan rahoto kawai zai ba ka ba zai haɗa komai ba, fara da haka. Ka sa shi a cron ya riƙa gudana lokacin da ba aiki. Btrfs yana da wata kuma, bees, ita tana zaune ne a baya kullum tana bi, kuma kai ne za ka yanka mata girman teburin da za ta riƙe, ba ta wuce shi. Btrfs kowane bolum yana karɓa. XFS kuwa sai ka duba:

xfs_info /srv/data | grep reflink

in ka ga reflink=1 bismillah. In 0 ne, yawanci bolum ne da aka yi tun zamanin CentOS 7 ko RHEL 7, sai ka kwashe kaya ka sake mkfs.xfs -m reflink=1 a kan sabon tsarin aiki. Daga RHEL 8 zuwa sama, da Rocky da AlmaLinux, a kunne yake zuwa. A gefe guda, in Btrfs za ka yi, kauce wa RAID5 da RAID6 nasa, masu shi da kansu suna gargaɗi a kai.

To mai ext4 fa da ba ya son rabuwa da shi, ko mai son a yi dedup lokacin rubutu ba tare da ZFS ba? Nan VDO ke shigowa. Fasahar wani kamfani ce Permabit, Red Hat ta saye shi a 2017 ta saki abin a RHEL 7.5, kuma a 2024 ya shiga kanel ɗin Linux kansa a 6.9. Shi ba tsarin fayil ba ne, shimfiɗa ce a ƙasa, yana aiki da bulok na 4 KB, yana cire maimaici yana matsewa, kai kuma ka ɗora ext4 ko XFS a samansa. Ta LVM ake yi yanzu:

lvcreate --type vdo -n vdo1 -L 1T -V 3T vg0
mkfs.xfs -K /dev/vg0/vdo1

kaga faifan gaske 1 TB ne amma ka ce wa tsarin fayil 3 TB ne. Red Hat na cewa ana iya kai wa ninki 10 in VM ne ko kontena, ninki 3 in ajiyar kaya ce irin ta Ceph. Haɗarin a fili yake: df zai ce maka akwai sauran fili alhali na gasken ya cika, rubutu ya fara faɗuwa. Saboda haka df ba abokin shawara ba ne a nan, vdostats --human-readable za ka riƙa dubawa, ka sa masa faɗakarwa, kuma ka riƙa gudanar da fstrim don fili ya koma bayan an goge kaya. Ba a ɗora VDO a kan bolum mai kaya a ciki, sabo ake yi a kwaso. In za ka kulle faifai da LUKS, kullewar ta zauna a ƙasan VDO, in ta hau sama duk bulok zai fito daban, babu maimaicin da zai gani.

Manyan akwatunan ajiya kuwa, irin NetApp, su a cikin akwatin suke yin nasu, ba ruwansu da ko NTFS ka ɗora ko ext4. vSAN na VMware ya samu dedup a 6.2 amma sai in duk faifan SSD ne. Synology na da shi a wasu samfura kaɗan masu SSD a kan Btrfs, duba takardar samfurinka kafin ka saya da wannan niyyar. APFS na Apple yana clone amma ba ya bin faifai yana neman maimaici.

Wani abu da ake yawan yi ba amfani: dedup a kan dedup. In bakof ɗinka da Borg ko restic ko Proxmox Backup Server kake yi, sun riga sun cire maimaicin da kansu kafin su rubuta, yawanci ma sun matse sun kulle, in ka sake kunna na ZFS ko na Windows a ƙarƙashinsu RAM kawai kake ƙonawa. Irin wannan ma'ajiyar ext4 ko XFS zalla ta ishe ta. Veeam kuma ReFS ko XFS mai reflink yake so don ya riƙa haɗa cikakken bakof ba tare da ya sake kwafe bulok ba, wannan ya wadatar.

Maganar bakof ɗin kanta, dole a faɗe ta don dedup yana canza lissafin asara. Da, in fayil ɗaya yana wuri goma, bad sekta ta ci ɗaya saura tara. Yanzu duk goman daga gutsi ɗaya suke sha, kamar unguwar da ta dogara da rijiya ɗaya ce, in ta gurɓace ba gidan da zai tsira. Windows na rage wannan ta hanyar ajiye kwafi na biyu na gutsin da aka yi nuni da shi sama da sau 100, da kuma kwafin bayanan tsarin, Scrubbing kuma na gyara abin da zai iya, ZFS da Btrfs suna da chaksom da scrub amma sai akwai mirror ko RAID a ƙasa za su iya gyarawa, in faifai ɗaya ne sai dai su gaya maka ya lalace. Saboda haka RAID a ƙasa, UPS mai batir mai rai wanda aka haɗa da sabar ta USB don ta kashe kanta da kyau kafin ya mutu, da bakof a wani injin daban. Kuma wajen sayen faifan bakof ka yi lissafi da cikakken girman kayan, ba girman da suka koma bayan dedup ba, domin in ka kwafe su ta netwok ko zuwa faifan waje a cikakkensu za su fita, 2 TB ɗin da kake gani a E: yana iya zama 5 TB a can. Ranar dawo da kaya ma haka, in sabon bolum ne ka dawo da su kashi-kashi, kana gudanar da Optimization a tsakani, in ba haka ba zai cika kafin ka kai rabi.